Kurakuran da Ake Yi Wajen Neman Shafi a Intanet

Da zarar an buɗe rajistar JAMB ko ta shiga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), shagunan kafe na intanet da ke Yelwa da Wunti a Bauchi kan cika maƙil, kuma kurakuran da ake tafkawa ba sa canzawa.

Babba daga cikinsu shi ne ɗaukar Google tamkar shi ne intanet ɗin gaba ɗaya. Google injin bincike ne, aikinsa ya nuna maka inda shafuka suke. Chrome ko Opera Mini kuwa burauza ce, wato manhajar da ke buɗe shafin. Wanda ya san gidan da za shi ba ya tsayawa tambayar hanya a tasha. In ka san adireshin, kamar jamb.gov.ng, rubuta shi kai tsaye a layin sama. Amma sai ka ga yaro ya rubuta sunan hukumar kawai, ya danna abin da ya fara fitowa. Sau da yawa na saman nan talla ne, da ɗan rubutun Sponsored a kansa, kuma mai kuɗi ne ya sayi gurbin, ko mutumin kirki ne ko ɗan damfara.

Daga nan sai rashin iya karanta adireshi, wanda a ganina shi ya fi jawo asara. Ka dubi abin da ya zo kafin sandar farko mai karkata (/), ban da biyun nan (//) na farkon adireshi, ka karanto shi daga ƙarshe. Idan ya ƙare da .gov.ng, na gwamnatin Najeriya ne, don ba kowa ake ba wannan ba. Manyan makarantu kuma .edu.ng suke amfani da shi, irin su atbu.edu.ng. To amma jamb.gov.ng.wanisuna.com fa? Wannan na mai wanisuna.com ne, ya jera sunan hukumar a gaba ne don ya ruɗe ka. Tambari da launin kore ba hujja ba ne, kowa na iya kwafarsu. Linkin tallafi ko na data kyauta da ake yaɗawa a WhatsApp ma haka za ka yi masa kafin ka zuba BVN ko NIN.

Wasu kuma da sun ga https ko alamar kwaɗo a farkon adireshi sai hankalinsu ya kwanta. Abin da take nufi kawai shi ne an ɓoye saƙonka a hanya, ba ta ce mai shafin amintacce ne ba. Saboda wannan ruɗanin ne ma Chrome ya cire kwaɗon a 2023.

Sai na kafe: a gama cike fom a tashi, imel na nan a buɗe. Ka yi aiki da tagar Incognito, wato wadda ba ta ajiye tarihin shafukan da ka buɗe, in burauza ta nemi ajiye kalmar sirri ka ƙi, sannan ka fita daga asusunka ka rufe tagar kafin ka miƙa wa mai shago kuɗinsa.