Yadda ake kulle sabar Ubuntu da OpenSSH, ufw da fail2ban ba tare da mai gida ya kwana a waje ba

Duk sabar da aka ɗora a intanet da adireshin IP na fili, galibi cikin 'yan sa'o'i baƙi za su fara ƙwanƙwasa ƙofarta ta 22, wadda SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa, ke amfani da ita. Ba mutane ba ne zaune suna dannawa, manhajoji ne da aka sake su suna yawo dare da rana, suna gwada sunaye irin su root da admin da ubuntu haɗe da kalmomin sirri masu sauƙin cinka. In kana son gani da idonka, rubuta wannan a sabar taka:

`sudo journalctl -u ssh | grep -i "failed password"`

Maganinsu kayan aiki huɗu ne, duk kyauta, kuma kowa na iya duba lambobin da aka rubuta su da su: OpenSSH mai kula da shiga ta SSH, ufw mai yin katangar da ke tare ƙofofi, fail2ban mai korar masu yawan gwaji, da nmap mai binciko ƙofofin da ke buɗe. Wahalar tana wajen jerin aikin. Mai sabar da ya riga ya rufe ƙofa kafin ya gwada mabuɗinsa, shi ne mutum na farko da kullen zai kama. Bayanin nan na Ubuntu 22.04 da 24.04 ne, kuma 203.0.113.10 adireshin misali ne, ka sa naka.

Asusu da mabuɗi

In da root, wato asusun da ke da cikakken iko, kake shiga, fara buɗe asusu na yau da kullum ka ba shi ikon sudo, wanda ke ba shi damar yin aikin root idan buƙata ta taso:

`adduser musa`
`usermod -aG sudo musa`

Yanzu koma kan kwamfutarka, ba sabar ba, domin a nan ake ƙera mabuɗi:

`ssh-keygen -t ed25519 -a 100 -C "laftof-musa"`

Fayil biyu za su fito a cikin folda `~/.ssh`. Mai ƙarewa da `.pub` tamkar kwaɗo ne, shi ake kaiwa sabar a maƙala, ko wani ya gani ba komai. Ɗaya kuwa, `id_ed25519`, shi ne mabuɗin kansa, ba ya barin kwamfutarka. Ba a tura shi ta WhatsApp ko imel, ba a saka shi a GitHub. Za a tambaye ka kalmar da za ta tsare mabuɗin, kada ka bar wurin fayau. In aka ɗauke laftof, ita ce za ta tsaya tsakanin ɓarawo da sabar. Shi `-a 100` ɗin yana ƙara yawan zagayen lissafin da ake yi wa kalmar daga 16 zuwa 100, don mai cinka ya sha wahala.

Me ya sa Ed25519? OpenSSH ya karɓe shi tun siga ta 6.5 a 2014, gajere ne, yana da sauri, kuma daga siga ta 9.5 shi ne ke fitowa ko ba ka ambata ba. Tsohon mabuɗin RSA na iya ci gaba da aiki, sai dai tun siga ta 8.8 an kashe sa hannun RSA mai amfani da SHA-1, shi ya sa wasu tsofaffin manhajojin shiga ke cijewa haka kawai.

Kai kwaɗon zuwa sabar:

`ssh-copy-id musa@203.0.113.10`

Windows na da ssh amma ba shi da ssh-copy-id. A nan sai ka buɗe fayil ɗin `.pub`, ka kwafi layinsa guda ɗaya, ka liƙa shi a `~/.ssh/authorized_keys` na musa a sabar. Layi ɗaya ne tal. In ya karye gida biyu wajen liƙawa, ba zai yi aiki ba.

A shigar farko za a nuna maka zanen yatsan sabar, wato jerin haruffan da ke shaida ita ce, a ce ka amince. Yawancinmu yes muke bugawa mu wuce. Daidai shi ne ka shiga ta tagar gaggawa da kamfanin da ya ba ka hayar sabar ya tanada a shafinsa, ka rubuta `ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub`, ka kwatanta biyun.

In mabuɗi ya ƙi, ana ta tambayar ka kalmar sirrin asusu, fara duba izinin fayil. sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga ta SSH a sabar, na watsi da authorized_keys in wani daban na iya rubutu a cikinsa ko a foldar da yake, kuma ba zai faɗa maka ba, sai dai ya rubuta a rajistarsa.

`chmod 700 ~/.ssh`
`chmod 600 ~/.ssh/authorized_keys`
`chown -R musa:musa /home/musa/.ssh`

Layi na ukun shi ake yawan mantawa, idan root ne ya ƙirƙiri foldar a madadin musa. In har yanzu shiru, `ssh -v` zai nuna maka mabuɗan da aka miƙa da inda aka tsaya.

Rufe hanyar kalmar sirri

Nan ne ake tafka kuskure. Ka bar tagar da ka riga ka shiga da ita a buɗe har ƙarshen aikin. Sake kunna sshd ba ya yanke wanda ke ciki, saboda haka ita ce igiyar da za ka kama in abu ya lalace.

A saman `/etc/ssh/sshd_config` akwai layin Include da ke janyo duk fayilolin `.conf` na cikin `/etc/ssh/sshd_config.d/`, bi da bi bisa jerin suna. Ƙa'idar sshd kuwa ita ce abin da ya fara karantawa shi yake riƙewa. Sabar haya da dama na zuwa da `50-cloud-init.conf` ɗauke da PasswordAuthentication yes. Mutum zai gyara babban fayil, ya rubuta no, ya tashi hankali kwance, alhali ƙofar na nan a buɗe. Don haka ƙirƙiri naka fayil a cikin wannan foldar, mai suna da zai riga kowa, `00-tsaro.conf`, ka zuba wannan:

`PasswordAuthentication no`
`KbdInteractiveAuthentication no`
`PermitRootLogin no`
`AllowUsers musa`

Sannan:

`sudo sshd -t`
`sudo sshd -T | grep -i passwordauth`
`sudo systemctl restart ssh`

Ƙaramin t na duba kuskuren rubutu, in bai ce uffan ba lafiya lau. Babban T na nuna saitin da zai yi aiki da gaske. Buɗe sabuwar taga ka shiga da mabuɗi. In ta yi, gwada akasin haka da `ssh -o PubkeyAuthentication=no musa@203.0.113.10`, dole a kore ka nan take ba tare da tambayar kalmar sirri ba.

Canja ƙofa daga 22 zuwa wata lamba na rage surutu a rajista ne kawai, nmap zai gano sabuwar. Wanda ya dage sai ya canja a 24.04 ya sani cewa ssh.socket ne ke riƙe da ƙofar, sai ya yi `systemctl daemon-reload` sannan `systemctl restart ssh.socket`.

Katanga

`sudo ufw default deny incoming`
`sudo ufw allow OpenSSH`
`sudo ufw allow 80,443/tcp`
`sudo ufw enable`

Layin OpenSSH ya zo kafin enable, in ba haka ba ka toshe hanyarka da hannunka. Layi na uku na masu shafin yanar gizo ne kaɗai.

Ga wani tarko da ufw ba zai faɗa maka ba: Docker, manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji a keɓe, na rubuta nasa dokokin kai tsaye a iptables, tsarin da ufw ma ke aiki a kansa. In ka tayar da rumbun bayanai na PostgreSQL a Docker da `-p 5432:5432`, duniya na ganin ƙofar ko da `ufw status` bai lissafa ta ba. Rubuta `-p 127.0.0.1:5432:5432` don ta tsaya a cikin gida.

fail2ban

Aikinsa karanta rajista, ya kori adireshin da ya cika kuskure. Bayan `sudo apt install fail2ban`, kada ka taɓa jail.conf, sabuntawa na iya shafe gyaranka. Ƙirƙiri `/etc/fail2ban/jail.local`:

`[sshd]`
`enabled = true`
`backend = systemd`
`maxretry = 5`
`findtime = 10m`
`bantime = 1h`

Wato kuskure biyar cikin minti goma, kora ta awa ɗaya. Layin backend na da amfani musamman a Debian 12, inda babu `/var/log/auth.log` sai ka girka rsyslog, kuma rashinsa na hana fail2ban tashi. Sake kunna fail2ban, ka duba da `sudo fail2ban-client status sshd`.

Masu shiga da datar waya su yi hattara da doguwar kora. Kamfanonin layi kan haɗa ɗimbin masu amfani a bayan adireshi ɗaya, adireshin kuma na sauyawa. Abokin aikinka na iya yin kuskure korar ta shafe ka, kuma sa adireshinka na yau a ignoreip, jerin waɗanda ba a kora, ba zai amfane ka gobe ba. In ta kama ka, shiga ta tagar gaggawa ka rubuta `sudo fail2ban-client set sshd unbanip` tare da adireshin. Tunda dai an kashe kalmar sirri, fail2ban ƙari ne, babu dalilin tsananta shi. In kuma netwok na yawan yankewa, sa `ServerAliveInterval 30` a `~/.ssh/config`, ka riƙa yin dogon aiki cikin tmux, manhajar da ke riƙe aiki ko an yanke, don kada sabuntawa ta tsaya a rabi.

Dubawa daga waje

A cikin sabar, `sudo ss -tlnp` na nuna manhajojin da ke sauraro, mai 0.0.0.0 a gabansa na sauraron kowa. Daga wata kwamfutar kuma:

`nmap -Pn -p- 203.0.113.10`

In ba ka sa `-p-` ba, ƙofofi 1000 da aka fi sani kawai zai duba cikin 65535. Bai kamata ka ga open a ko'ina ba sai 22 da 80 da 443. Sabarka kaɗai za ka bincika, ko wadda mai ita ya ba ka izini.

Saura faci, wato sabuntawar da ke toshe ɓaraka. A Yulin 2024 kamfanin Qualys ya bayyana ɓarakar CVE-2024-6387 a sshd, wadda ba ta buƙatar kalmar sirri ko mabuɗi, sabuntawa ce maganinta. Kunna ta atomatik da `sudo dpkg-reconfigure -plow unattended-upgrades`. Lambar da `ssh -V` ke nunawa za ta iya ruɗar ka, domin Ubuntu na ɗinka gyara a tsohuwar siga ba tare da ɗaga babbar lambar ba. `apt list --upgradable` bayan `sudo apt update` shi zai nuna abin da ya rage ba a girka ba.