"Jirgi Ne Ya Kashe Shi": Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Bin Sawun 'Yan Uwan Da Bam Ya Rutsa Da Su A Cadi

A gidajen Hausawa da yawa na Njamena da Abeshe a Cadi, da Kusiri da Garwa a Kamaru, akwai mamacin da duk labarinsa bai wuce magana ɗaya ba: jirgi ne ya kashe shi lokacin yaƙi. Sai jika ya girma ya so sanin wane yaƙi, wace rana, a wace unguwa, kuma ina aka binne shi. Abin da ya kamata mai wannan nema ya sani tun farko shi ne, takarda tana tabbatar da cewa an kai hari, amma da wuya ta kawo sunan talakan da harin ya rutsa da shi. Suna yana bakin mutane. Aikin gaba ɗaya shi ne a haɗa abin da baki ya faɗa da abin da takarda ta nuna, kuma a wurin haɗin ne mafi yawan masu nema suke tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne a fara da ofis ko intanet a bar tsofaffi sai daga baya. Takarda tana jira, tsoho ba ya jira. Wanda yake ɗan shekara 20 a yaƙin Njamena na 1980 yau ya haura 60. A fara da su, kuma kada a tara su wuri ɗaya. Idan aka zaunar da baffa da goggo da matar marigayi a tabarma ɗaya, babban cikinsu ne zai yi magana, sauran su ce haka ne, a tashi da ruwaya ɗaya ana zaton shaidu uku aka samu. A je wa kowa shi kaɗai, a nemi izini a naɗi muryarsa a waya, kada zama ɗaya ya wuce minti 40, a dawo bayan mako guda. Sau da yawa a zama na biyu ne abin da aka manta yake dawowa.

Yadda ake tambaya ma yana ɓata aiki. Wanda ya ce, "Goggo, jirgin Libiya ne ya kashe Baba, ko?" ya riga ya sa mata amsa a baki. A ce, "Goggo, ina kike a ranar? Me kike yi da kika ji ƙarar? Wa ya kawo miki labari?" A littafin rubutu a raba kowane shafi gida biyu, abin da mai magana ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, a rubuta sunan wanda ya gaya masa. In aka bi sarƙar nan, wani lokaci za a tarar mutum biyar duk daga bakin maƙwabci ɗaya suka ji. Kuma idan tsohuwa ta yi shiru ta kawar da kai, a kashe wayar. Ɗanta ko mijinta ake magana.

Sai maganar jirgin kansa. A bakin mutane duk abin da ya faɗo daga sama jirgi ne, alhali mafi yawan abin da ya rusa gidajen Njamena tsakanin ƙarshen Maris da Disamba 1980, lokacin da dakarun madugu Hissène Habré da na shugaban ƙasa Goukouni Oueddei suka raba garin, igwa ce da roka. Jiragen Libiya sun shiga faɗan ne a watannin ƙarshe na shekarar, kafin Habré ya tsallaka Kamaru a tsakiyar Disamba. Akwai kuma hare-haren da suka yi suna har ake jingina musu kowace mutuwa. Ranar 21 ga Janairu 1942 jirgin Jamus guda ɗaya ya jefa bama-bamai a filin jirgin saman Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ya ƙone ma'ajiyar mai. Ranar Litinin 17 ga Fabrairu 1986 jirgin Libiya ƙirar Tupolev ya bugi filin jirgin Njamena, kwana ɗaya bayan jiragen Faransa sun bugi sansanin Libiya na Wadi Dum a arewacin Cadi. Ranar 7 ga Satumba 1987 sojojin Faransa suka harbo wani Tupolev ɗin a saman garin. Waɗannan abubuwa ne na yini guda. Idan iyali suka ce an kwashe makonni ana ruwan wuta kafin gidan ya rufta, labarin bai dace da su ba. Ya fi dacewa da 1980, ko da garin Faya na arewacin Cadi daga ƙarshen Yuli zuwa 10 ga Agusta 1983 lokacin da jiragen Libiya suka yi ta luguden wuta har garin ya faɗi. Faɗan Njamena na ranakun 2 da 3 ga Fabrairu 2008 kuwa jirage masu saukar ungulu ne da tankokin yaƙi. A Garwa da Mora na Kamaru kuma, idan ana maganar yaƙin Jamus na 1915 zuwa 1916, igwa ake nufi.

Tambayoyi kaɗan suna rarrabe wannan. An ji rurin jirgi kafin fashewar, ko wani fito aka ji sannan ƙara? Sau ɗaya aka ji, ko a jere? Gida nawa ne suka rushe? Rami ya samu a ƙasa, kuma girmansa ya kai me, bakin rijiya ko faɗin ɗaki? Idan amsoshi suka nuna igwa ce, a rubuta igwa. Wannan bai rage wa mamacin komai ba, kuma yana hana a ɓata shekara ana neman harin da ba a kai ba.

Wani abin mai nauyi: a zamanin mulkin Habré, 1982 zuwa 1990, wasu iyalai sun ce bam ne don faɗin gaskiya yana da haɗari. Mutumin da ba a ga gawarsa ba, ba a yi masa wanka ba, ba wanda zai nuna kabarinsa, a duba ko kama shi aka yi. Takardun 'yan sandan asiri na DDS da aka gano a 2001 suna ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare. Wani kuma bai mutu ba sam. Hanyar Abeshe zuwa Sudan tsohuwar hanyar alhazai ce, mutane da yawa sun bi ta ba su waiwayo ba.

Kwanan wata shi ne ginshiƙi, kuma a nan gaggawa take kai mutane su ƙirƙiri rana. Tsofaffi ba da Janairu da Fabrairu suke lissafi ba, da azumi da Sallah da damina suke yi, kuma wannan ya fi a dogara da shi idan aka iya juya shi. A 1980 an yi azumi daga wajen tsakiyar Yuli zuwa wajen 12 ga Agusta, Babbar Sallah kuma ta zo wajen 19 ko 20 ga Oktoba. Matar da ta ce ana cikin azumi abin ya faru ta kai mu lokacin da ya fi kama da na igwa. Wadda ta ce, "Mun yi layya da shi, ba a cika wata biyu ba," ta kai mu Disamba, lokacin da jirage suke aiki. A 1983 Ƙaramar Sallah ta zo wajen 11 ko 12 ga Yuli, Babba wajen 17 ko 18 ga Satumba, don haka harin Faya yana tsakanin Sallah biyu. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki lokacin azumin bana a auna da shi, a manta cewa shekarar Musulunci tana ja baya da kwana 11 duk shekara. A yi amfani da manhajar juya kwanan wata, a bar sararin kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata.

Takaba ma ma'auni ce mai kyau: wata huɗu da kwana goma, wajen kwana 128 zuwa 130. Mace ba ta cika manta lokacin da ta fita takaba ba, sai a ƙirga baya. Amma a tambaya ko tana da ciki, domin iddar mai ciki haihuwa ce, lissafin ya sauya. Haka sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in: ina aka yi kowace? Idan ta uku an yi ta a Njamena, ta arba'in a Kusiri, an san lokacin da iyalin suka tsallaka kogi. Yaron da aka haifa bayan rasuwar aka mayar masa da sunan marigayi shi ma shaida ne, sai dai kada a dogara da shekarar da take katinsa idan an rubuta "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza. Wannan ƙiyasin magatakarda ne, yana iya kaucewa da shekara uku ko fiye.

Suna yana da nasa tarkon. Mutum ɗaya Muhammadu ne a gida, Mahamat a takardar Cadi, Mohamadou ko Hamadou a ta Kamaru. Abubakar ya koma Abakar a Njamena, Bouba a Marwa. Adamu ya zama Adoum, Hauwa ta zama Haoua, Ibrahim ya zama Brahim. Kafin a buɗe kowace rajista a jera duk sifofin sunan a takarda ɗaya, har da sunan uba, domin yawanci shi ne suna na biyu. Kuma a tuna da alkunya. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, Malam za ta ce ko Maigida, jikoki kuma su taso suna zaton Tanko ko Ɗanjuma ne sunan yanka. Sunan yanka a wurin ƙanne da abokan wasa ake samunsa.

Wuri ma ya sauya suna. Njamena Fort-Lamy ce kafin 1973, Sarh Fort-Archambault ce, Kusiri kuma tana cikin tsofaffin takardu da sunan Fort-Foureau. Cewa "a Njamena" bai isa ba. A kai ga unguwa, Ridina ce ko Klemat ko Mardjandaffack ko Farcha, a kai ga masallacin da marigayi yake salla da sana'arsa a kasuwa. Daga nan sarkin Hausawa, bulama, liman da tsofaffin masu wankan gawa za su iya taimakawa. Kada a ɗauka inda bam ya same shi nan ya cika. A 1980 babu gadar Ngeli, a kwalekwale aka riƙa tsallakar da masu rauni zuwa Kusiri, wasu can suka cika, can aka binne su. Mutuwar da ake nema a Cadi tana iya kasancewa a rajistar asibiti ko ta magajin gari a Kamaru, ko ma a Maiduguri. Wasu kuma a tsakar gida aka binne su saboda ba a iya fita zuwa maƙabarta. Idan gidan ya koma hannun wasu, a je da dattijon unguwa, kada a je da cebur. A Faya, Fada da Wadi Dum kuwa kada wanda ya tona ƙasa ko ya taɓa ƙarfen da ya gani a rairayi, domin har yanzu akwai nakiyoyi da bama-baman da ba su fashe ba.

Game da rumbunan takardu, a san abin da kowane yake da shi. Na Aix-en-Provence a Faransa na zamanin mulkin mallaka ne, rajistarsa ta haihuwa da mutuwa kuma galibi ta Turawa ce. Mai neman mutuwar 1980 ba shi da abin yi a can. Yaƙin 1979 da 1980 ya lalata takardun gwamnati da yawa a Njamena, don haka rashin samun suna ba hujja ba ne cewa abin bai faru ba. Tsofaffin jaridu irin su Cameroon Tribune, Le Monde da New Nigerian suna ba da rana da wuri. A duba kwana uku kafin ranar da ake zato da mako guda bayanta, domin labari yana makara. Ɗakin karatu na cibiyar nazari ta CEFOD a Njamena wuri ne da ya cancanci a leƙa. Na 2008 akwai rahoton kwamitin bincike da aka fitar a shekarar. Wanda ɗan uwansa ya ɓace ba a ga gawa ba ya je ofishin Red Cross na ƙasar da yake zaune ya cike takardar neman dangi, kyauta ce, ya tafi da hoto da duk sifofin sunan.

Idan ana bukatar takardar mutuwa ga wanda ba a yi wa rajista ba, kotu ce take ba da hukuncin da ake kira jugement supplétif, bisa shaidu. A nan ne ake yin ɓarnar da take da wuyar gyara: a zaɓi rana kawai don takarda ta cika. Da zarar ta sami hatimi ta zama gaskiyar hukuma, jikan da zai zo nan gaba zai yarda da ita ya ƙaryata kakarsa. A faɗi iya abin da shaidu suka tabbatar, ko da wata da shekara ne kaɗai.

Akwai tambaya ɗaya da kusan kowa yake mantawa idan bam ɗaya ya kashe mutum biyu ko fiye a gida guda: wa ya riga cikawa? A fiƙihun Malikiyya, waɗanda suka mutu tare ba a san wanda ya riga ba, ba sa gadon juna, dukiyar kowa tana tafiya ga magadansa masu rai. Amma idan uba ya mutu nan take, ɗansa ya rayu har aka kai shi bakin kogi, ɗan ya gaji uban, rabon gida ya sauya. A tambayi wanda ya ɗauki masu rauni, a rubuta da sunansa da ranar da ya faɗa, a kai wa malamin gado kafin magana ta bazu cikin dangi.

Abin da aka samu a cikin adakar tsohuwa, katin shaida, rasiɗin haraji, katin rabon abinci na sansanin gudun hijira, wasiƙar ajami, hoton da aka rubuta wani abu a bayansa, kada a kai shi a manne da leda mai zafi. Tana cin tawada kuma ba ta ɓaruwa. A shimfiɗa shi a inuwa a ɗauki hoton gaba da baya, a sa shi a ambulan na takarda nesa da danshi da gara, a mayar wa mai shi. Kowane sauti da hoto a sa masa sunan mai magana, gari da rana, a tura kwafi ga 'yan uwa biyu a garuruwa dabam-dabam tun kafin wayar ta faɗa ruwa ko a sace ta.