Yadda ake canza wa yaro hali ba sai an kai ga bulala ba

Duk halin da yaro ya yi ya ga riba a kai zai maimaita shi, wanda bai jawo masa komai ba kuma a hankali zai sake shi. Wani Ba'amurke Edward Thorndike ne ya lura da haka tun 1898 da kyanwoyin da yake kullewa a akwati, daga baya B.F. Skinner na jami'ar Harvard ya faɗaɗa abin da ɓeraye da tattabaru. Na san wata za ta ce ai ɗana ba ɓera ba ne, eh gaskiya ne, amma ƙa'idar tana aiki a kan mutum har ke da kike karantawa.

Mu nan Kano a baibai muke yi. Yaro na zaune shiru yana wasa babu mai ko kallonsa, yana fasa kofi sai gida ya ɗauka, Umma ta taso Anti ta taso kowa na kiran sunansa, toh me aka koya masa? An koya masa ɓarna ce ke sa a kula shi, don ko faɗa kulawa ce a wurin yaro.

Ki fara da hali ɗaya tak, kuma wanda ido ke gani. "Ya daina taurin kai" ba ya ƙirguwa, amma "ya sa kayan Islamiyya kafin la'asar" yana ƙirguwa. Ki yi sati guda kina rubutawa a bayan kalanda, sau nawa ya ƙi, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya. Sau da yawa sai ki tarar rigimar tana tashi ne in an kashe masa katun ana tsakiyar kallo, kuma da ya yi birgima sai a ce a bar shi yau. Kin ga kenan birgimar tana biyansa. Ki kashe talabijin tun da wuri, rabin aikin ya ƙare.

Sai lada, kuma nan take ake ba da ita. "In Sallah ta zo zan saya maka keke" ba ta aiki a kan ɗan shekara 4, ya yi masa nisa. Da ya sa kayan ki ce sannu Abba, ka shirya da kanka ba a yi magana biyu ba, ki faɗi ainihin abin da ya yi. In kina so, ki samu kwali ki riƙa zana masa tauraro, in ya tara 5 ya canza da abin da yake so, ko gurasa da tsire ko a kai shi gidan zu na Audu Bako ran Asabar. Teodoro Ayllon da Nathan Azrin ne suka tsara wannan dabara a wani asibitin masu taɓin hankali a jihar Illinois a shekarun 1960, yanzu har makarantu na amfani da ita. Amma don Allah tauraron da ya riga ya samu kar a goge shi don ya yi wani laifin daban, kina gogewa ya daina yarda da kwalin. Kuma kar ki jira sai ya yi komai daidai, yau in ya sa riga kawai ki yaba, jibi riga da wando, a haka har jaka da allo.

Akwai kuma dabarar wani masani David Premack ta 1959, wadda iyayenmu ma sun sani, abin da yake so ya biyo bayan abin da ba ya so. Gama aikin makaranta sannan ƙwallo. Kar a juya.

Mai wuyar ita ce ta kuka. Kun je shago ya ga alewa ya kwanta a ƙasa, in kin yanke ba za ki saya ba to ki sani kukan sai ya ƙaru kafin ya ragu, zai ƙara murya ya ƙara shure-shure mutane na kallo wani ma ya ce haba Hajiya saya masa mana, kuma a nan ne yawanci ake sarewa. In kika ƙi sau huɗu kika saya a na biyar wallahi gara ma da ba ki fara ba, domin Skinner ya nuna ladar da ke zuwa jefi-jefi ita ta fi sa hali ya kafu, abin da ke riƙe samari a shagon caca kenan. Shi ya sa sai gida ya haɗa baki, Abbansa da yayyensa da 'yar aiki, da uwa uba kaka, wadda ke da alewa a ɗaure a bakin zani. Ita lallaɓa ta ake, Hajiya don Allah a taimaka mana a riƙa ba shi in ya yi shiru, kar a ba shi yana kuka. Wannan share yaro in yana kuka fa na rigima ne kawai, in wuta ce ko titi ko dukan ƙani, tashi za ki yi ki riƙe shi.

Bulala tana tsayar da hali a lokacin, kuma a gaban mai bulalar, amma ba ta koya masa abin da zai yi a madadin. In hukunci ya zama dole ki zaunar da shi gefe ba wasa ba hira, kamar minti ɗaya kan kowace shekara tasa, ko a hana shi katun na yammacin nan, in ya ƙare ya ƙare ba gori.

In halin ya fara zama sai ki riƙa rage tauraro ki bar yabo. Kar ki ƙosa, binciken Phillippa Lally a wata jami'ar Landan ya nuna manya ma kan ɗauki wajen kwana 66 kafin sabon hali ya zame musu jiki, wasu 18 wasu har 254. In kuma yaron yana ji wa kansa ciwo, ko maganarsa ta yi jinkiri sosai, ko ba ya kallon mutane in an kira shi, ki kai shi sashen yara na Asibitin Malam Aminu Kano a duba shi kafin ki ci gaba da kwalin.