Kalmomin Turanci da ke rikita sabon zuwa Ingila

Turancin da aka koyo a makaranta zai kai ka Ingila lafiya, amma ba zai hana ka tuntuɓe a ofishin dillalan haya ko a wurin likita ba. Wasu kalmomin kunne ya saba da su tun gida, sai a can ka tarar da wata ma'anar suke ɗauke da ita. Idan ka san tushen kalma, da wuya ka manta abin da take nufi.

A harkar haya kuɗi suka fi zurarewa. A tallar gida za ka ga "pcm" ko "pw" kusa da farashi: na farko kuɗin wata ne, na biyu kuɗin mako. Kuskuren da aka fi yi shi ne ninka kuɗin mako sau huɗu. Ɗakin fam 150 a mako ba fam 600 ba ne a wata. Ka ninka sau 52, ka raba gida 12, za ka samu fam 650. "Deposit" kuwa daga Latin ta fito, ma'anarta ajiyewa, kuma haka ya kamata ka ɗauke ta: kuɗinka ne aka ajiye, ba na mai gida ba. Dokar 2019 ta ce kada ya wuce hayar mako biyar muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma wata dokar ta ce dole mai gida ya sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ranar da ka karɓi makulli, ɗauki hoton kowane tabo a kafet da kowace tsaga a bango. Da irin waɗannan ake yanke wa mutum kuɗi ranar fita.

"Council tax" harajin ƙaramar hukuma ne a kan gida, an fara shi a 1993, kuma yawanci mai zama a gidan ke biya. Ɗalibi mai karatun cikakken lokaci ba ya biya, amma sai ya kai takardar shaida daga jami'arsa. Mai zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin ɗari. Kada ka jefar da wasiƙar harajin idan ta zo.

"Mortgage", wadda ba a furta harafin t a cikinta, bashin sayen gida ce. A tsohon Faransanci "mort" mutuwa ne, "gage" jingina, domin jinginar tana mutuwa idan an gama biya ko an ƙwace gidan. Akwai kuɗin ruwa a cikinta, don haka mai gudun riba ya tambayi bankunan Musulunci tsarinsu.

"Fortnight" mako biyu ne, an gutsure ta daga tsohon Turanci mai nufin dare goma sha huɗu. Da dare suke ƙirga kwanaki a da, kamar yadda mu ma muke cewa kwana kaza. A unguwanni da yawa duk bayan mako biyu ake kwashe shara, wanda ya manta ya fitar da tasa sai ya ƙara zama da ita mako biyu. "Half five" kuma biyar da rabi ke nan.

Kalmar da ta fi tsorata mutane ita ce "surgery". Asalinta Girkanci ne, aikin hannu, kuma tiyata take nufi, amma a Ingila ofishin likitan unguwa ma sunansa ke nan. Ko ɗan majalisa idan ya zauna sauraron koken jama'ar mazaɓarsa, haka ake kiran zaman. Likitan shi ne "GP", shi ke tura ka wurin ƙwararre. Yi rajista a makonka na farko, kyauta ce, kada ka bari sai ciwo ya zo. Idan rai na cikin haɗari kira 999, idan shawara kake nema 111. "Chemist" ta samo asali daga alkimiya ta Larabci, ita ce kemis ɗinmu, sai dai a can ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta haka kawai a kan kanta.

"Bank holiday" hutun kowa ne, sunan ya fito daga dokar 1871 da ta rufe bankuna a wasu ranaku. Ofisoshi da yawa a rufe suke, motocin haya kuma suna raguwa.

Kuɗin nasu ba baƙo ba ne ga Hausa. Fam, sule, sisi da kwabo duk daga bakinsu muka aro: "pound", "shilling", "sixpence" da "copper". Sun bar sule tun 1971, yanzu "pence" 100 ke yin fam ɗaya. A kasuwa fam sunansa "quid", kuma ba a yi masa jam'i, ko ashirin ne.

Idan maƙwabci ya ce "you alright?", ba ya ga alamar ciwo ba ne, gaisuwa ce kamar "yaya dai". Amsa a taƙaice ka mayar masa. A arewacin ƙasar, wajen Manchesta da Lids, wanda ya gayyace ka "tea" da ƙarfe shida abincin dare yake nufi, kada ka ci tuwo kafin ka tafi.