Gajeriyar bindiga da dokar farautar barewa a Birtaniya: inda maharba suke kuskure

Maharban Birtaniya da yawa suna son bindiga mai gajeren bututu saboda sauƙin riƙewa a daji mai sarƙaƙiya, musamman idan an ɗaura mata abin rage ƙara a baki. Sai dai doka tana duba ƙarfin harsashi ne a daidai lokacin da ya fito daga bakin bindiga, kuma kowane inci da aka rage a bututu yana cin wannan ƙarfi.

A Ingila da Wels, dokar barewa ta 1991 ta ce faɗin harsashi kada ya gaza inci .240, ƙarfinsa kuma kada ya gaza fam-ƙafa 1,700, wato jul 2,305 (fam-ƙafa da jul ma'aunan ƙarfi ne). Ƙananan barewa iri biyu, munjak da barewar ruwa ta ƙasar Sin, su ne aka yi wa sassauci: inci .220, fam-ƙafa 1,000, nauyin harsashi giren 50 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna harsashi da shi). Dole kuma harsashin ya zama mai taushin kai ko mai rami a kai, wanda zai buɗe idan ya shiga jiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yarda da abin da aka rubuta a jikin kwalin harsashi. Kamfanoni galibi suna gwaji da bututu mai inci 24. A ɗauki nau'in harsashin da ake kira .243 Winchester mai giren 100: kwali zai ce saurinsa ƙafa 2,960 ne a daƙiƙa. Lissafin ƙarfin ba wuya, a ninka saurin da kansa, a ninka da nauyin harsashi, a raba da 450,240. Zai ba da kusan fam-ƙafa 1,946. Idan aka saka wannan harsashi a bututu mai inci 18, yana iya rasa ƙafa 200 a daƙiƙa, domin albarushin bai gama tura shi ba ya riga ya fita. A 2,760 ƙarfin ya koma 1,692. Saurin ya ragu da kashi 7 cikin ɗari kawai, amma ƙarfin ya faɗi da kashi 13, mai bindiga kuma ya karya doka bai sani ba. Harsashi mai giren 100 yana buƙatar aƙalla ƙafa 2,767 a daƙiƙa kafin ya kai 1,700, mai giren 80 kuwa sai ya kai kusan 3,093.

Maganin shi ne a auna da na'urar auna saurin harsashi, da bindigar da za a fita da ita, da harsashin da za a harba. A nan ma ana yin sakaci. Wani zai harba uku, ya ɗauki mafi sauri, ya ce ya haye. A harba goma, a yi lissafi da wanda ya fi jinkiri, saboda ba a san wanne ne zai fita ranar farauta ba. A kuma tuna cewa sanyi yana rage zafin ƙonewar albarushi, awon da aka yi a watan Yuli ba lalle ya tsaya a asubar Janairu ba. Duk lokacin da aka sayi sabon kwali mai wata lambar ƙira daban, a sake awo. Wanda lissafinsa ya tsaya a 1,710 ba shi da tazarar da za a dogara da ita.

Akwai masu ɗaukar bindigar da ke cin harsashin ƙaramar bindiga, suna ganin girman harsashi ya isa. .357 Magnum mai giren 158 a saurin 1,800 bai wuce 1,137 ba. .44 Magnum mai giren 240 a saurin 1,760 yana tsayawa a 1,651, ya kusa amma bai kai ba.

Sikotland kuwa dokarta daban, kuma nan ne baƙi suke faɗawa rami. Ban da ƙarfi na fam-ƙafa 1,750 ga manyan barewa, ta gindaya sharaɗin sauri: ƙafa 2,450 a daƙiƙa. Saboda haka .30-30 mai giren 150 da ke fita a 2,390 yana da ƙarfi kusan 1,900, ya halatta a Ingila, amma da zarar an tsallaka iyaka ya haramta. A 2023 aka rage mafi ƙarancin nauyin harsashi daga giren 100 zuwa 80 a can, don buɗe hanya ga harsashin tagulla. Tagulla ba ta kai dalma nauyi ba, harsashinta ya fi tsawo, bututun .243 da aka saba da shi kuma ba ya iya juya doguwar tagulla mai giren 100 yadda za ta tafi a miƙe. Alamar hakan ita ce ramin da ta huda a takardar gwaji ya fito a karkace maimakon zagayayye.

Kuskure mafi haɗari na masu ɗura harsashi da kansu ne. Idan awo ya gaza, sai su ƙara albarushi fiye da iyakar da littafin kamfani ya sa. Alamun an wuce gona da iri su ne gindin kwanso ya baje, ko makullin bindiga ya yi tauri wajen buɗewa, kuma da an ga haka a daina harbi nan take. Gara a sauya harsashi ko bututu. .308 Winchester mai giren 150 ko daga bututu mai inci 16 yakan fita a wajen 2,600, ƙarfinsa ya haura 2,200, ya cika sharaɗin Ingila da na Sikotland duka biyu.