Kurakuran da aka fi yi wajen canza garabar a kwamfutar tebur

Kar wani ya ce maka zamanin faifai ya wuce a Maradi. Masu ɗaukar bidiyon biki da suna, masu buga wa'azi da karatu, 'yan sakatariya na bakin titi, duk har yau suna kona CD da DVD. Abin da ke damuna shi ne in garabar, wato na'urar da ke kona faifai cikin kwamfuta, ya gaji, mutum sai ya ruga Babbar Kasuwa ko ya yi sautu daga Katsina ko Kano, a kawo mishi sabo, ya ƙi shiga ko ya shiga ya ƙi aiki, sai a hau zagin mai kanti wai ya sayar da jabu, alhali sau da yawa abin lafiyarshi lau, bai dace da injin ba ne kawai.

Babban kuskure shi ne saye kafin a buɗe akwatin. Malam, kashe injin, zare wayar kuran daga bango, kwance murfin gefe ka leƙa bayan tsohon garabar. In ka ga faffaɗar waya shimfiɗaɗɗiya ruwan toka mai ramuka 40 a bakinta, IDE ke nan, ta tsofaffin injina irin na zamanin Pentium 4. In siririya ce, galibi ja ko baƙa, mai ƙaramin baki, SATA ce, wadda ta fara yaɗuwa tun wajen 2003. Ba sa shiga juna ko kaɗan. Sabon garabar da za ka samu yanzu kusan duk SATA ne, to sai ka duba kan kat mer ɗinka, wato babban allon da komai ke haɗe da shi cikin akwatin, ko akwai gurbin SATA da ba kowa a ciki, don wasu tsofaffin suna da duka biyun. Ɗauki hoto da wayarka, bayan garabar da kuma kat mer, ka nuna ma mai kanti ko ka tura ma wanda ka yi ma sautu. In babu SATA sam, nemi garabar IDE na hannu. Akwai 'yar na'urar da ke haɗa IDE da SATA amma ni ba na son ta wajen kona faifai, wata ta yi aiki wata ta riƙa tsinkewa a tsakiya.

Mai IDE kuma akwai abin da ake mantawa, wata 'yar roba ƙarama a bayan garabar kusa da inda waya ke shiga, an rubuta MA, SL, CS, wato babba, ƙarami, da wanda waya ke zaɓa da kanta. In na'ura biyu suna kan waya ɗaya dole ɗaya ta zama MA ɗaya SL, ko duka biyun CS. In duka suna MA sai injin ya tsaya yana ta nema ko ɗaya ta ɓace, wani sa'in har diski ɗin ya ɓace mutum ya ɗauka aikinshi duk ya tafi. Dubi inda robar tsohon take ka sa ta sabon a wuri ɗaya, shi ke nan.

Sai wayar wuta. IDE na shan wuta ta farin kai mai ramuka 4, SATA kuma nata kan baƙi ne faffaɗa mai haƙora 15. In alimantasiyon ɗinka, wato akwatin da ke raba wuta cikin injin, tsoho ne ba shi da irin wannan kan, ana sayar da 'yar waya mai juya wancan zuwa wannan, amma don Allah kar ka ɗauki mafi arha, akwai waɗanda ke narkewa har su kama wuta, ga zafin Afrilu da Mayu na garin nan ga ƙura ta cika akwatin. Bakin SATA yana da lanƙwasa kamar harafin L, ta hanya ɗaya kawai yake shiga, in ya ƙi juya shi, kar ka danna da ƙarfi don robar ba ta da wuyar karyewa.

Wanda ya fi cin kuɗin mutane yanzu shi ne girma. Yawancin tsofaffin kwamfutocin tebur da ke shigo mana ƙananan akwatuna ne na ofis, irin su Dell OptiPlex da HP da Lenovo, kuma da yawansu ba babban garabar mai inci 5.25 suke ɗauka ba, siriri ne irin na kwamfutar hannu. Shi ma siririn kala biyu ne, mai kaurin milimita 12.7 da mai 9.5, kuma bakin wutarshi ƙarami ne, haƙora 6, ba irin na babban ba. Mafi sauƙi ka ciro tsohon ka tafi da shi kanti a jera su. Kuma kar ka yar da shi sai ka kwance ƙarfen ko robar da ke maƙale a jikinshi, ita ce ke riƙe shi cikin akwatin, sabon ba ya zuwa da ita.

Karanta rubutun da ke goshin tiren ma. DVD-ROM karatu kawai yake, ba ya kona komai. Wanda aka rubuta CD-RW/DVD-ROM yana kona CD amma DVD sai dai ya karanta. Wanda kake so shi ne DVD±RW ko DVD Multi, in kuma kana son faifai mai 8.5 GB maimakon 4.7 GB duba ka ga DL. Blu-ray yana ɗaukar 25 GB, sai dai kafin ka zuba kuɗi tambayi kanka wa zai kalla, don lektar DVD na gida ba ya karanta shi.

To an ɗaura, tire na fita yana komawa amma Windows bai gan shi ba. Wuta ce kawai ta isa, ba shaidar wayar SATA ta zauna ba ce. Sake danna ta a gefe biyu, canza gurbi, shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka ga ko an kashe wannan gurbin, injinan ofis suna yawan zuwa haka, kuma a wasu sabbin kat mer in an sa ƙaramin diski M.2 mai maƙalewa kan kat mer wani gurbin SATA na mutuwa. In BIOS ya gan shi Windows bai gani ba, yawanci tsohon lojisiyel na kona faifai ne ya bar datti, cire shi ka sake kunna injin. Tsohon Nero da ya zo tare da wancan garabar ma kan ƙi sanin sabon, sai ka koma ImgBurn ko CDBurnerXP, kyauta ne. Fim ɗin DVD ya ƙi buɗewa kuma ba laifin garabar ba ne, tun Windows 8 ba sa zuwa da abin kallon DVD, sa VLC.

Kar ka sayi faifai kwali guda kafin gwaji. Sayi 'yan kaɗan, DVD-R da DVD+R, don wasu tsofaffin lektoci na gida da na mota sun fi karɓar DVD-R. Ko da garabar ya ce zai iya gudun 24x, sauke shi zuwa 8x ko ƙasa in faifan mai arha ne, ka tabbata lojisiyel ɗin ya rufe faifan a ƙarshe yadda ba za a ƙara mishi komai ba, in kana da ondilar ka haɗa injin da shi don kuran na ɗaukewa faifan ya tashi aiki. In ya gama kar ka gwada shi a kwamfutar da ta kona shi kaɗai, kai shi lektar irin wanda mai biki zai kalla da shi a gida, ka tsallaka har ƙarshen fim ɗin don can bakin faifan ne ya fi yin cije-cije.