Yadda Za Ka Yi Bimbini a Kan Alheri da Almajiranci Cikin Shekarar Ikilisiya

Shekarar ikilisiya tana farawa ne a Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, saboda haka a ranar ya kamata ka buɗe sabon littafin rubutu. Ka keɓe minti 15 kowace safiya, ka karanta nassi ɗaya, ka rubuta abin da Allah ya yi a cikinsa kafin ka rubuta abin da ya wajaba a kanka, gama alheri ne yake gaba da ayyuka, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta koyar. A makonnin nan kafin Kirsimeti, na jiran zuwan Almasihu, Ishaya 9 da Luka 1 sun wadatar.

Lokacin azumin da ake yi kafin Ista ya fi bukatar kulawa. Yana farawa ranar Larabar Toka, wato ranar da ake shafa toka a goshi alamar tuba, kwana 40 ne ban da ranakun Lahadi. Ka soma da gwajin Yesu a jeji cikin Matiyu 4, ka riƙa komawa Luka 9:23, inda ya ce mai binsa ya ɗauki gicciyensa kowace rana. A ganina, nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, suna lissafa abincin da suka bari kamar suna biyan Allah bashi. Kuɗin abincin nan ka kai wa gwauruwa ko maraya a ɓoye, kada ka ɓata fuska don a san kana azumi. Marar lafiya kuwa kada ya hana kansa ruwa, musamman da yake azumin yakan kai cikin zafin bazara.

Daga Ista zuwa Fentikos, wato ranar tunawa da saukowar Ruhu Mai Tsarki, kwana 50 ne. Ka karanta surori 28 na Ayyukan Manzanni a hankali tare da iyalinka.